Lida Ba Ta Ɗingishi

Yayata ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. In ta ce maka sabulun nan yana da kyau, sai ka ji kamar duk wankan da ka taɓa yi a duniya asarar ruwa ce. Tun muna yara haka bakinta yake. Ni Allah bai ba ni wannan bakin ba, sai ya ba ni keken ɗinki da saurin fushi, kuma da su nake ci har yau. Shagona yana jikin gidanta, bango ɗaya ne tsakanin kekena da falonta, don haka abin da zan faɗa ba labarin an ce ba ne. Rabi ta bangon nan na ji shi, sauran kuma da idona na gani.

Sana'arta irin wadda ake shiga kamfani ce a sayi kaya, a jawo mutane su yi rajista a ƙarƙashinka, su ma su jawo wasu, kowa yana ɗan lasa daga cinikin na ƙasa da shi. Da kamfanin shayin ganye ta fara. Wani mutum ne ya shigar da ita, wanda ko rana za ta narka kwalta ba ya rabuwa da kwat. Ita Oga take ce masa, ni kuwa Mai Kwat. Ba a daɗe ba ta kai matsayin da suke kira Lu'ulu'u, aka kira ta kan dandamali a wani otal aka maƙala mata baji a kafaɗa. Daga ranar sunan ya bi ta, har mai gyaran famfo Anti Lu'ulu'u yake ce mata. Ni dai Yaya na sani. Ita ma Auta take kirana ko a gaban wa, duk da furfurar da ta fara leƙo mini.

Yaya tana da ciwon suga, irin wanda ya kwantar da mahaifiyarmu har ya tafi da ita. A da ba ta ɓoye shi. Hasali ma a kansa ta gina sana'ar. A kowane mitin nasu akwai abin da suke kira shaida, inda mutum zai miƙe ya faɗi abin da kayan kamfani ya yi masa. Yaya takan karɓi makirufo ta yi shiru tukuna, har sai an natsu, sannan ta ce, “Ni da kuke gani, likita ya ce ni da ƙwaya sai kabari. Yau ga ni.” Sai ta buga tsalle a kan takalmi mai tsini, wuri ya kaure da tafi. Wallahi ko ni da na san gaskiya, ranar farko sai da na tafa.

Wata safiya aka wayi gari ofishin masu shayi da ƙaton kwaɗo a ƙofa, an cire allon suna, sai ramukan ƙusa. Wayar Mai Kwat a kashe. Kafin rana ta take mutane sun cika ƙofar gidan Yaya, wasu da kwalayen shayi a ka, wasu da zagi kawai. Na ce mata ta shige shagona in rufe ta daga waje. Ta ƙi. Ta fito da duk kujerun gidan, ta zauna a tsakiyarsu, aka yi mata wankin babban bargo tana cewa “Haka ne, kun yi gaskiya.” Washegari ta ɗauki kwalayen wata bazawara da ta fi kowa kuka, ta bi gida gida da ita har suka sayar. Haka ta yi wa kusan kowa, ɗaya bayan ɗaya. Zan faɗi laifinta a gaba, amma wannan kam ban taɓa ganin wanda ya yi irinsa ba.

Daga nan ta sauya salo. Ta ce mini, “Auta, na gano inda na yi kuskure. Kamfani ɗakin haya ne, mutanena su ne gidan.” Ta sa mitin a falonta kowane mako, da kamfani ko babu. Ta daina barin masu sayen kaya a hannun ofis, ita da kanta ta san gidan kowa, ta san mai ciwon gwiwa, ta san wadda mijinta ba ya so ta fita. In ɗan wani ya kwanta tana can, in an yi rasuwa ita ce ta farkon zuwa. Saboda haka da kamfanin awarwaron lafiya ya zo, gaba ɗaya ta kwashe su suka shiga. Da shi ma ya kife, ko gezau, ta sake kwasar su zuwa na kofi, kamar kaza da 'yan tsakinta.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kai, abin da ya tsaya mini a wuya dai, shi ne shaidar nan. Shayi ya warkar da sugan Yaya. Awarwaro ya zo ya warkar da shi. Kofi ma da ya zo bai bari an bar shi a baya ba.

“Yaya,” na ce mata wata rana, “wai sau nawa ciwon nan zai warke? Ko fita yake yi shan iska ya dawo?”

“Ke dai ba ki da tunanin nasara,” in ji ta. “Miƙo mini abin nan.”

Abin nan ƙwayoyinta ne. A durowar kekena suke zaune cikin kwarkwaro da allurai, ni nake sayo mata su a wani kemis can nesa da unguwa. Takan leƙo kamar mai duba ɗinki, ta afa ɗaya ta kora da ruwan butata, in ta tuna ke nan. Asibiti kuwa ta manta hanyarsa. Dalili shi ne babbar 'yar hannunta, wadda rabin tawagar ta hannunta suka shigo, ita ce mai ba da kati a tagar asibitin. Mai Kati muke ce mata. Mace ce mai kirki, mai sanyin murya, kuma in Yaya ta ce rana ta faɗi da hantsi, fitila za ta kunna.

Dokoki biyu Yaya ta kafa wa mutanenta, na haddace su ta bango ba da so na ba, don da su ake buɗe kowane mitin. Sai ta ce, “Matsala fa?” su amsa, “Sama ake kai ta, ba a sauko da ita!” Wato in abu ya dame ka, wanda ya shigar da kai za ka gaya wa, kada na ƙasa da kai su ji gwiwarsu ta yi sanyi. Sai ta ce, “Lida fa?” su ce, “Ba a taɓa lida!” Lida, wato shugabanka a tawaga, ba a musa masa, ba a zancensa a bayan ido, ba a tambayarsa abin da bai faɗa ba. Da wannan amshin na ɗinka riguna ba adadi, ƙafata tana bin sautinsu a kan feda.

To, sai kamfanin kofi ya fara tari. Kaya ba sa zuwa, a waya kullum ana cewa ana gyaran na'ura. Yaya ta san alamar, ta taɓa gani har sau biyu. Ana cikin haka sai ga Mai Kwat ya faɗo daga inda ban sani ba, da sabuwar kwat da sabon kamfani, yana kiran mutanenta ɗaya ɗaya a waya. A sana'arsu wanda ya riga shiga sabon wuri shi ne a sama, ko da jiya ɗan aikenka ne. In ya janye su, shi ke nan, wahalar shekaru ta tashi a banza. Sai Yaya ta ce waya ba za ta yi ba, ido da ido za ta ga kowa. Ta sayi sabon takalmi sau-ciki ta shiga gari. Da safe ta fita, sai yamma liƙis ta dawo ta zube a kan bencin shagona tana haki.

Ranar da na gane halin da take ciki, awo ta zo. Tana son doguwar riga ta babban taron da za ta yi, inda za ta kwashe su zuwa kamfani na huɗu.

“Ki sake ta sosai,” ta ce, “har ta share ƙasa.”

“Yaushe kika fara son mai share ƙasa? Ke da kike so a ga takalmi?”

“Yayi ne.”

Na durƙusa da tef a gabanta zan auna tsawo, sai wani wari ya doke ni. Na san warin nan. A ɗakin mahaifiyarmu na san shi.

“Yaya, cire takalmin nan.”

“Auta, ina sauri.”

“Wallahi ko ki cire ko in cire miki da almakashi.”

Ta leƙa waje, ta tura ƙofar shagon, sannan ta zare shi. Ta naɗe babban yatsan da tsumma, tsumman ya manne. Da na ɓamɓare, yatsan ya yi baƙi daga sama, gefensa kuma gyambo ne yana fitar da ruwa. Bororo ne takalmin ya yi mata, in ji ta, kuma ba ta ma ji zafinsa ba sai da ya fashe. Har tana faɗin haka da ɗan alfahari, wai ba ya ciwo.

“Rashin ciwon ai shi ne masifar! Tashi mu tafi asibiti yanzun nan, ko ƙafar nan ta tafi.”

“In je in miƙa wa Mai Kati hannu ta rubuta mini katin masu suga? A wannan makon? Kina da hankali kuwa?”

“To mu je wani asibitin.”

“Wanne ne babu mai shan kofina a ciki? Nas nawa na yi wa rajista a garin nan? Kafin in zauna a benci labari ya zaga gurup ɗinmu na waya. Mai Kwat abin da yake jira ke nan. Ki bari a gama ƙaura, washegari da kaina zan ce ki raka ni.”

“Ke kika ce matsala sama ake kai ta. To kai ta mana!”

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. “Wa ke samana, Auta? Kamfanin ya mutu, Oga ya zama abokin gaba. Ni ce ƙarshen sama.”

“Ni fa? Ni ba mutum ba ce?”

“Ke ai ba ki yi rajista ba.”

Da wasa ta faɗa, amma har ga Allah sai da na ji kamar in kwaɗa mata katakon awo. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na sayo bandeji na ɗaure, ina yi ina masifa, ita kuma tana amsa saƙonni a waya.

Ban zauna ba. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Na kira shi na gaya masa komai. Ya dawo da zafinsa, na ji muryarsa ta bango tana tashi, can sai na ji ta Yaya tana bi a hankali, tana bi, tana bi. Da ya fito sai ya tsaya a ƙofar shagona yana sosa ƙeya.

“Ta ce bayan taro za ta je. Kin san yayarki.”

“Na san ta, shi ya sa na kira ka!”

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan motarsa.

Sai na yi abin da ta ce in na yi babu ni babu ita. Na rufe shago na tafi asibiti, na bi layi kamar mara lafiya har na kai taga. Mai Kati ta gan ni ta washe baki.

“A'a, Anti Tela! Jiki ne?”

“Ba ni ba ce. Yaya ce. Ƙafarta…”

Ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. “Anti Tela, don Allah ki yi haƙuri. Mu ba ma zancen lida a bayan idonta.”

“Baiwar Allah, yayata ce fa, ciki ɗaya!”

“Na sani. In akwai magana, ita za ta faɗa mana da bakinta.” Ta kalli bayana. “Na gaba.”

Na fito ina magana ni kaɗai a titi kamar sabon kamu. Na dawo na zauna na ɗinka rigar, tunda ko ban ɗinka ba wani zai ɗinka. Ban taɓa tsinka zare a kan ɗinki ɗaya kamar wannan ba.

Kullum da safe kafin ta fita sai ta biyo in sauya bandeji. Baƙin ya wuce yatsa ya hau bayan ƙafa. Ƙafar ta kumbura har takalmin ya daina shiga, ta sa na tsaga shi ta gefe. Ta koyi wata tafiya ta ƙasaita, a hankali, kai a sama, don kada a ga tana jan ƙafa. Ta fesa turare har ido yana yaji. In na ce, “Yaya, yau dai,” sai ta ce, “Saura kaɗan.” In na yi kuka ta ce ina jawo mata mugun tunani. Na yi lallashi, na yi zagi, na yi gaba da ita ta wuni guda, na kira sunan mahaifiyarmu. Duk a banza. Mutumin da ya iya shawo kan jama'a, ba ka da ta cewa in ya juya bakin nan a kan kansa.

Ranar taro na je, karo na farko da na taka wurinsu da ƙafata tun zamanin shayi. Zaure ne na haya, kujerun roba, fanka tana juya iska mai zafi. Ya cika maƙil. Yaya ta hau dandamali cikin rigar nan mai share ƙasa, ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Gumi yana zuba daga goshinta, na ɗauka ni kaɗai na san ba na zafi ba ne. Ta yi magana a tsaye, ba ta ko dafa tebur ba. Ta ce kamfani uku sun mutu sun bar su, kuma ga su nan, ba wanda ya ɓace. Ta ce, “Matsala fa?” zauren ya amsa har rufin kwano yana kaɗawa. Aka fito da wayoyi aka yi ta rajista a ƙarƙashinta. Mai Kwat ko mutum ɗaya bai samu ba.

Da aka watse ta sauko ta zauna a kujerar gaba, ta ce in ba ta ruwa. Na taɓa hannunta, kamar murhu. Ta ce, “Auta, gobe ki raka…” Ba ta ƙarasa ba ta sulale.

Mai Kati ce ta tsayar da mota, ita ce kuma ta rubuta katin da hannunta, ba ta tambaye ni ko me za a rubuta ba. Likita ya buɗe bandejin, ya dube shi, ya dube ni.

“Me kuke jira tun tuni?”

In ce masa muna jiran a gama rajista? Ya ce da mun zo da wuri, wanki da magani sun isa, in ta yi tsanani yatsa ɗaya. Yanzu kuwa abin ya shiga jini, in ana son ranta sai a cire daga ƙasan gwiwa. Mijinta yana hanya, ta waya ya ce a yi. Ni na sa hannu.

Washegari da hantsi na fito baranda na tarar da su, sun cika ta har bakin matakala, da ledojin lemo da fulas. Na tsaya ina tunanin yadda zan gaya musu cewa Lu'ulu'unsu ba ta taɓa warkewa ba. Na fara kame-kame, sai wani dattijo cikinsu, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ce, “'Yata, kada ki wahalar da kanki. Mun sani.”

“Kun san me?”

“Sugan. Da ƙafar.”

Mai Kati ta sunkuyar da kai. “Tun mitin ɗin da ta fara zama a kujera muka gane. Warin ma… shi ya sa muke buɗe tagogi. Muka daina barinta ta tashi kawo mana ruwa. Mun yi ta yi mata addu'a a gidajenmu.”

“Kuma shaidar da take bayarwa?”

“Haba Anti Tela,” in ji wata daga baya. “Wa ya shiga don shayi? Ai don ita muka shiga.”

Na juya a fusace. “Ke Mai Kati, a asibiti kike aiki! Kin san abin da warin nan yake nufi! Na zo har tagarki!”

Hawaye ya zubo mata. “Na sani. Kullum ina cewa yau za ta faɗa, in kama hannunta mu zo. Amma ba ta faɗa ba. Ba a tambayar lida abin da bai faɗa ba.”

Abin da na faɗa musu a barandar nan ba zai maimaitu ba. Har wata nas ta fito ta ce in rage murya ko a fitar da ni. Suna tsaye da ledojinsu suna kallon ƙasa.

Na koma ciki. Yaya ta farka, leɓɓanta sun bushe, robar ƙarin ruwa a hannu. Ta ji hayaniyar.

“Su ne?”

“Su ne.”

“Sun ji?”

“Sun daɗe da sani, Yaya. Dukkansu. Tun kafin ni ma wataƙila. Ba wanda kika ɓoye wa komai.”

Ta kafa wa silin ido. Na ɗauka kuka za ta yi, har na matso. Sai ta ce, “Duba mini gurup. Wa ya fita?”

“Yaya!”

“Duba mana.”

Na ɗauki wayarta na duba. “Ba wanda ya fita.”

“Ko ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

Ta lumshe ido, ta sauke numfashi. “Kin gani ko, Auta? Ba su watse ba.”

Ta ce tana jin sanyi. Na jawo bargon na rufe ta har ƙasa, na gyara shi kamar yadda nake gyara yadi a kan tebur. Ta ɓangaren dama ya tashi a kan yatsun ƙafarta. Ta hagu ya kwanta shafe da katifa.